Mahaifiyata ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Hajiya. Ni mace ce mai shekara 44, ina aure a Kaduna, 'ya'yana biyar. Mahaifiyarmu ta rasu a Kano, an shekara har da 'yan watanni. Ni ce 'yar farinta. Da aka tashi yaye ni sai aka kai ni Funtuwa wajen yayar babanmu wadda ba ta taɓa haihuwa ba, a hannunta na tashi har ta aurar da ni. Kano sai hutu ko biki. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, "ke" take ce min, ko "ta Funtuwa". Ni ma Yaya nake ce mata, ƙannena ne ke ce mata Inna. In na gaishe ta sai ta amsa tana kallon gefe. Ranar da ta rasu ina hanya, muna Kwanar Dangora aka kira ni aka ce har an tafi kai ta.

Yanzu ƙannena biyar, maza biyu mata uku, in sun haɗu sai labarinta, wannan ya ce ta ce masa kaza, waccan ta ce ta yi mata kaza, ni kuwa ko ɗaya ba ni da shi. Kwanaki ɗiyata ta tambaye ni wace irin mace ce kakarta, na rasa ta cewa. Ɗakinta har yau a kulle yake, ba a raba gado ba. Ƙannena maza sun yi faɗa a kan addu'ar shekara, ba sa ga maciji. Wata ƙanwata kuma ta taɓa ce min ai ni 'yar Goggo ce. Babanmu yana nan da ransa, da Goggon da ta riƙe ni, da abokiyar zaman mahaifiyarmu, da yayarta guda a ƙauye. Hajiya, ta so ni kuwa? Yaya zan tuna uwar da ban sani ba, kuma me zan yi mata yanzu?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya yafe mata kurakuranta, ya sa Aljanna ce makomarta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Tambayoyi kika jero da yawa, amma ɗaya ce ke hana ki barci, ta ko ta so ki. Amsarta tana wurin mutum huɗun nan da kika lissafa a ƙarshen wasiƙarki: Baba, Goggo, abokiyar zaman marigayiya, da yayarta ta ƙauye. Dukkansu sun manyanta. Saboda haka abin da zan faɗa miki na gaggawa ne, ba irin wanda ake cewa sai bayan salla ko sai yara sun yi hutu ba.

Kafin ki ɗauki jaka, ki fara mayar da ita zamaninta. A farkon shekarun 1980 da aka haife ki, a yawancin gidajenmu yarinya 'yar sha biyar ko sha shida ake kai wa ɗakin miji. Ciki ya tsufa a mayar da ita gida goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta da gwaggwanninta, daga ranar kuma ido ya koma kanta. Jaririya ta yi kuka ta zabura, a ce ji marar kunya. Ta ɗauke ta a gaban surukai, a samu abin faɗa har a gidan biki. Sai an miƙo mata an ce "ungo ba ta ta sha" sannan za ta karɓa, kai a sunkuye. Tana can tana fama da ruwan zafi da kunun kanwa har kwana arba'in, wankan jaririya da goyonta na kaka ne. Suna kuwa ba ta isa ta kama ba, musamman in sunan uwar miji ko na wata babba aka mayar. Da haka ake auna tarbiyyar mace a lokacin: wadda ta fi kau da kai daga ɗan farinta ita ce 'yar mutunci, iyayenta ake yaba wa. To ana cikin haka sai ga yayar miji, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta ce a ba ta yaye. Wace amarya ce a wancan zamani za ta ɗaga ido ta ce ba ta yarda ba? Ko kwana ta yi tana kuka, da safe ita za ta ƙulle 'yan kayanki a ɗankwali ta miƙa, ta koma madafi kamar ba a yi komai ba. Ki dubi wata 'yar shekara sha takwas a unguwarku, ki ce ita aka yi wa haka.

Kunyar da aka fara don idon mutane kuma takan zama jiki. Bayan shekara ashirin ba mai ce mata uffan in ta kira sunanki, surukan ma sun kwanta dama, amma baki ya riga ya saba. Akwai tsofaffin da ɗan farinsu ya yi furfura, ya kai su Makka ya dawo da su, har suka koma ga Allah "wancan" suke ce masa.

Ban ce daidai ba ne. Al'ada ce, ba addini ba. Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, shi kuwa ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Nana Faɗima in ta shigo wurinsa miƙewa yake ya tarbe ta, ya zaunar da ita a mazauninsa. Kara da kawaici abin so ne, da su aka rene mu, amma kawaicin da zai sa mace ta haura arba'in tana tambayar ko uwarta ta so ta ya wuce gona da iri. Ba laifi ba ne ki ji zafinsa. Laifin shi ne ki yanke mata hukunci da shirun nan kaɗai, ba ki ji ta bakin shaidu ba. Ki kuma leƙa gidanki: in kin lura kina yi wa naki ɗan farin irin wannan kau da kai, ko ɗan kaɗan ne, ya tsaya a kanki.

Irin waɗannan iyaye a cikin aike suke ɓoye son ɗan fari. Ki fara da Goggo, ki yi mata tambayoyin da suke da amsa. Kar ki ce "Yaya tana sona kuwa?", za ta ce wace irin magana ce wannan, zance ya mutu. Ce mata: Goggo, ƙullin daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewar da akan kawo daga Kano, wa ke aikowa? Kayan sallar da ake cewa in ji Baba, wa ke zaɓen atamfar? Da na kwanta ciwo ina ƙarama, wa ya zo, kwana nawa ya yi? Ranar jere, kwallaye da samiru da tangaran da aka cika min kabet da su, kuɗin wa ne? Matan kulle da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinkin hula da adashi suke tara kayan ɗakin 'ya mace, kwano ɗaya yau, tasa ɗaya wata mai zuwa, a tura ƙarƙashin gado, a shekara goma ana abu ɗaya. Ranar biki sai ki ji an ce dangi ne suka haɗa, mai gumin tana ƙuryar ɗaki ko leƙowa ba ta yi ba. Haihuwarki ta fari ma ki tambaya, wa ya daka yajin jego, wa ya aiko da garin kunu.

Sai dai ki taka a hankali. Matar nan ita ta yi miki wanka, ta yi miki tsifa da kitso, ta kwana a kanki ba barci, kuma duk macen da ta riƙi ɗan wani tana da fargaba guda a ranta, kar wata rana a nuna mata ba ita ta haifa ba. Ki fara da yi mata godiya. Ki bar ta ta ba ki labarin ranar da ta ɗauko ki da bakinta, a cikinsa za ki tsinci na mahaifiyarki.

Yayarta ta ƙauye ita nake tsoron ki makara a kanta. Ba zuwan yini za ki yi ba, irin na gaisuwa da hoto a juyo da la'asar. Ki je da goronki da sabulu da sukari da turmin atamfa, ki kwana biyu ko uku, a ɗakinta. Tsofaffi ba sa buɗe ciki da rana tsaka ana shige da fice, sai bayan isha'i an kashe fitila, ko da hantsi tana ɓarar gyaɗa kin sa hannu kina taya ta. Ki faro daga nesa: sunan kakanku da na kakarku, daga ina suka taso, mece ce sana'ar gidan, zanen da ke fuskarsu na waɗanne mutane ne, su nawa uwarsu ta haifa, nawa suka rayu. Sannan ki gangaro kan ƙanwarta: yadda take a dandali, wa ya fara zuwa zance wurinta, waƙar da ƙawaye suka yi ranar kamu, yadda aka kwana daren da aka haife ki, me ta ce da ta je ganin gida bayan an ɗauke ki. In ta kauce ta shiga labarin wata akuya da ta ɓata shekara hamsin da suka wuce, ƙyale ta, ta nan ake bi a iso. Ki nemi izininta ki ɗauki muryarta a waya. Za ta ce me za ki yi da surutun tsohuwa, ki ce na jikoki ne. Ki kuma tafi da ɗiyar nan taki da ta yi tambaya. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, abin da nauyi zai hana ki tambaya ita da tsokana za ta ciro shi.

Abokiyar zamanta ma kar ki raina abin da ke wurinta. Mata biyu da suka yi shekaru suna karɓa-karɓar girki a tsakar gida ɗaya, zaman daɗi suka yi ko na haƙuri, babu wanda ya san ɗaya kamar ɗayar. Ita ta ga fuskar mahaifiyarki duk ranar da motar Funtuwa ta tashi da ke bayan hutu. Ki shiga ɗakinta ki zauna a ƙasa ki gaishe ta gaisuwar uwa, ba sau ɗaya ba. In ta ga da gaske kike, da kanta za ta ɗauko zancen. Bayan ita akwai aminiyar marigayiya, da uwar adashinsu, da mai yi mata kitso, da yaran da suka yi mata talla waɗanda yanzu matan aure ne, da almajiran da suka ci tuwonta. Kowa da guntun da ya riƙe.

Kar ki sa ran jin shekara da lamba. Tsofaffinmu da abin da ya faru suke lissafi, ke za ki mayar da shi kalanda. In an ce ana goyonta aka kashe Sardauna, Janairun 1966 ke nan. Yaƙin basasa 1967 zuwa 1970. Canjin hannu, da motoci suka koma dama, 1972. Barin fam da sule a koma naira da kwabo 1973, a tsakanin nan ne kuma aka yi babban farin da ya karkashe dabbobi. Kisan Murtala Fabrairun 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilimin firamare na kowa da kowa, wato UPE, aka yi ta kwasar yara zuwa boko. Rikicin Maitatsine a Kano Disambar 1980, wanda ba mamaki a kusa da shi aka haife ki. Canjin kuɗi na zamanin Buhari da Idiagbon 1984, ɓallewar dam ɗin Bagauda 1988. Da waɗannan za ki gane shekarar haihuwarta da ta aurenta, kusan babu kuskure.

Kar kuma wani ya ce miki rayuwar mace 'yar kulle ba abin rubutawa ba ce. Baba mutuniyar Karo, tsohuwar da wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ba sarauniya ba ce, ba malama ba ce. Aurarrakinta da danginta da bukukuwansu ta ba da labari, har da kunyar ɗan fari da riƙo, don ita kanta ba ta haihu ba, 'ya'yan wasu ta rena. Ta rasu 1951, littafin ya fito 1954, har yau masu nazarin rayuwar Hausawa shi suke buɗewa. Da an ce bari sai baɗi, da shi ke nan.

Abin da kika tara kar ki bar shi a waya ɗaya, waya ana sace ta, tana faɗawa ruwa. Ki tura wa mutum biyu ko uku, ki kuma sayi littafi mai kauri ki rubuta da hannu, da boko ko da ajami. Ki roƙi ƙannenki su turo miki duk saƙon murya da ta taɓa yi musu a WhatsApp, da hotunan biki, har da na katin zaɓe da na fasfo in ta je Makka. Wannan roƙon ma kansa hanya ce ta shiga cikinsu: maimakon ki zauna a gefe suna labari kina haɗiyar zuciya, ki zama mai tambaya, su ba ki. Mai makoki ba abin da yake so irin a ce masa ba ni labarin mamacinka.

Za ki ji abin da ba ki nema ba, wannan kam ki shirya masa. Wataƙila ta taɓa yin yaji, wataƙila ba Baba ta so ba aka ba shi, wataƙila akwai waɗanda ta binne tsakaninki da mai bi miki ba a taɓa gaya muku ba, wataƙila tana da zafin rai ko riƙo. Mutum ce. Abin da zai amfani zuri'a ki rubuta, sauran ki bar shi a cikinki. Annabi (SAW) ya hana aibata matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Ba komai ake sawa a guruf ɗin dangi ba, balle Facebook. Yana kuma yiwuwa ki gama zagayen nan ki tarar alamun ba su kai yadda zuciyarki ke so ba, ba zan ɓoye miki ba. Ko da hakan ta faru, za ki dawo da mace mai asali da sana'a da ƙawaye da halinta na kirki da na ɗan Adam, wadda in ɗiyarki ta sake tambaya kina da abin faɗa har dare ya raba.

Batun rashin samun jana'iza kuwa ki sauke shi daga ranki. Gaggauta kai mamaci umarni ne, ba wulaƙanci aka yi miki ba, kuma a hanya kike, ba zama kika yi kika ƙi zuwa ba. Sa'adu ɗan Ubada, babba a cikin mutanen Madina, ba ya gari mahaifiyarsa ta rasu. Da ya dawo bai tsaya cizon yatsa ba, ya tambayi Annabi (SAW) ko in ya yi mata sadaka za ta amfane ta, aka ce masa ƙwarai, nan take ya bayar da lambunsa; yana cikin Bukhari. A ruwayar Abu Dawuda ya tambayi wace sadaka ce ta fi, aka ce ruwa, sai ya haƙa rijiya ya ce wannan ta uwar Sa'adu ce. Hawaye kuma ba sa taɓa imani. Annabi da kansa, yana babban mutum, ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa Amina, ya yi kuka har ya sa na kusa da shi kuka. Yana ɗan shekara shida ta rasu a Abwa, shekarunsa na farko kuma a cikin Banu Sa'ad ya yi su, a hannun Halimatus Sa'adiyya. Ƙarancin zama tare bai rage komai daga matsayin uwa ba.

Abin da za ki yi mata yanzu a fili yake. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muslim ya ce in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ba a ce sai wanda ya tashi a ɗakinta ba. Addu'ar da ke Suratul Isra'i aya ta 24, "Rabbirhamhuma kama rabbayani sagira", ki riƙe ta a kowace salla, ki koya wa yaranki su riƙa sa kakarsu. Sai mutanenta. Annabi (SAW) in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija nama bayan rasuwarta da shekaru, ya kuma ce 'yar'uwar uwa a matsayin uwa take. Ke nan zuwanki ƙauyen nan ba neman labari kaɗai ba ne, biyayya ce ga marigayiya, in dai ba ki ɗauke ƙafa bayan kin samu abin da kike so ba. Layyar bana ki ware kason aminiyarta.

Sai ɗakin da aka kulle. Barin gado fiye da shekara ba girmama mamaci ba ne, tara rigima ne, kaya kuma suna lalacewa. Kafin rabo ku yi cigiyar bashi, don mata irin su ba sa rubutawa: zubin adashin da ya rage, kuɗin gyaɗa ko na dillaliya, ajiyar wata maƙwabciya a ƙasan adaka. Ku kuma tambayi abin da take bin mutane, da awaki ko gonar da ta bar wa wani a ƙauye. Yayarta za ta sani. In ta bar wasiyya a zartar, matuƙar ba ta wuce sulusi ba, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiyar, kuma ba ga magaji ta yi ba. Tunda ba ki ambaci iyayenta ba na ɗauka sun riga ta. In ɗayansu na raye yana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, lissafin zai canza. In babu, bisa aya ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i, Baba yana da rubu'i, ragowar taku ce, namiji rabon mata biyu. A sauƙaƙe, in an kasa dukiyar 32, Baba ya ɗauki 8, ƙannenki maza 6 kowanne, ku mata huɗu 3 kowacce. Riƙo ba ya cire ki, rabonki daidai yake da na wadda ta ce ke 'yar Goggo ce. Yayarta ba ta da kaso tunda akwai 'ya'ya maza, amma aya ta 8 a surar ta ce in dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu a gaya musu magana mai daɗi. Kar ku bar tsohuwar nan ta tashi hannu rabbana. Kar kowa ya zari zani ko ɗan kunne da sunan abin tunawa, ko ya kwashi tufafi ya ce sadaka, sai da yardar duk magada. In akwai abin da ranki ke so, carbinta ne, mayafinta ne, tukunyar da take miya a ciki ce, ki faɗa a gaban kowa a yi masa kuɗi a sa a rabonki. Ku samu malamin da ya san gado, in abin ya gagara kotun shari'a na nan.

Faɗan ƙannenki maza ba sabo ba ne. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 gidaje da yawa ke wannan muhawara a kan sadakar uku da bakwai da arba'in da ta shekara, malamai kuma kowane ɓangare da hujjar da ya riƙe. Ba ni zan raba wannan gardama a nan ba, ke ma kar ki ɗauko ta. Abin da ba mai jayayya a kansa shi ne bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, balle wanda suka sha nono ɗaya. Ki haɗa su a kan abin da duk suka yarda da shi: a biya bashinta, a haɗa kuɗi a yi mata ruwa, rijiya ce a ƙauyensu, gyaran famfon unguwa ne, ko biyan mai ruwa ya riƙa kai wa makarantar allon da ke kusa da gidan, gwargwadon ƙarfi. Mai son tara mutane ya yi a gidansa da kuɗinsa, kar ya tilasta wa kowa. Wanda bai yarda ba ya zauna abinsa, kar ya zagi kowa. Babbar yaya uwa ce, kuma nisan da kike ganin nakasu ne yana da amfani a nan, don ba wanda zai ce kin taɓa goyon bayan wani.

Ƙanwarki da ta yaɓa miki magana, kafin ki riƙe ta ki bincika wa ya yi jinya. Galibi mai irin wannan furucin ita ce ta kwana a asibiti, ta yi wanki da ɗauke fo, tana ganin wasu sun zo da mota sun gaisa sun tafi. In ita ce, ki same ta ku biyu, ki ce na gode da abin da kika yi wa uwarmu, na san ban yi rabinsa ba. Sannan ki gaya mata maganarta ta yi miki ciwo, sau ɗaya, ki rufe babin.

Ki kula da kanki ma. Kewa takan tashi ta kwanta, musamman da azumi da salla. Amma in kin ga watanni suna tafiya ba barci, ba cin abinci, aikin gida ya gagare ki, ko kina jin zaman duniyar ya ishe ki, kar ki tsaya a kan "sai haƙuri". Ki gaya wa maigidanki ku ga likita. A nan Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, kuma ba sai wanda ya zautu ke zuwa ba. Neman magani ba ya cin karo da tawakkali.

Na bar Baba a ƙarshe don nasa ya fi wuya. Dattijon Bahaushe ba zai zauna ya ce miki yana kewar matarsa ba, alhali ya haura shekara arba'in da ita, ya kuma san da yawunsa aka ba da ke. Kar ki je masa da sigar tuhuma, zai rufe baki har abada. Ki same shi a soro bayan la'asar in jama'a sun watse, ki tambaye shi a ina ya fara ganinta, wa ya raka shi neman aure, nawa ya biya sadaki, a wace mota aka kawo ta. Maza sun fi sakin baki a kan lissafi da tafiya, sauran zai biyo baya da kansa. In hira ta yi daɗi sai ki kawo maganar buɗe ɗakin, don da izininsa za a yi, kuma shi kaɗai ne zai aika a kira ƙannenki maza su zauna a tabarma ɗaya ba wanda ya isa ya ƙi. Kar ki baro Kano sai an sa rana, a kuma aika wa yayarta da kuɗin mota.

Allah ya kai haske kabarinta, ya haɗa kanku.